Tafintan Girkanci a Mina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da abin da na jawo wa kaina a Mina ranar Babbar Sallah, a shekarata ta biyu a Makka. Karatun digiri na biyu ne ya kawo ni daga Kano, fannin nazarin addinai. A zangon farko wani malaminmu Bamisire ya raba mana aikin bincike, ni nawa ya faɗo a kan kalma ɗaya tak ta tsohon Girkancin da aka rubuta Linjila da shi. Fi'ili ne, ana ce masa afiyemi.

Gaskiya kalma ce mai daɗin sha'ani. Asalinta sakin abu daga hannu, amma ba inda ba ta shiga. Da ita ake cewa masunta sun bar tarunsu a bakin ruwa sun tafi, da ita zazzaɓi ke sakin mara lafiya, da ita ake cewa a ƙyale yara su matso. Da ita miji ke sakin matarsa, kuma da ita ɗin dai ake yafe laifi. Wata biyu na yi ina bin ta da ƙamus a waya, harafi bayan harafi kamar ɗan aji ɗaya. Na haddace yadda take juyawa: afes in umarni ne, afeken in mutum ɗaya ya riga ya aikata, afentes in jama'a ne suka bari suka wuce. Na haɗa da wasu layuka biyu da na kwafo na misali, da gaisuwa ɗaya. Malam ya ba ni maki mai kyau. To iyakar Girkancina ke nan, ko ruwan sha ba zan iya roƙa da shi ba.

Matsalar ita ce ni mutum ne da in ya san abu sai unguwa ta san ya sani. A unguwar Kudai nake haya, kuma a ƙofar gidan akwai majalisar shayi bayan la'asar, wadda shugabanta Ammi Hamza ne, wato Baffa Hamza a Larabcinsu. Haifaffen Makka ne, kakansa ya zo daga ƙasar Katsina da ƙafa bai koma ba. Hausarsa rabi Larabci ce, amma in ya yi maka karin magana sai ka rantse jiya ya baro gida. Kullum sai na san yadda na karkato hira ta biyo ta kan kalmata. Ko maganar sakin aure ake, ko ta zazzaɓi, sai in gyara zama in ce ai a Girkanci duk abu ɗaya ne. (Yanzu da nake tunawa, akwai wani tela Bazabarme da ke tashi duk lokacin da na gyara zaman nan. A lokacin na ɗauka aiki ke jiransa.) Ammi Hamza kuwa ya yarda da ni ɗari bisa ɗari, har ya daina kiran sunana, sai dai Duktur.

Da aikin Hajji ya matso, ya ce zai kai ni kamfanin da yake yi wa aiki duk shekara. Aiki iri biyu ne a wurinsu. Ko dai ka tsaya a titi da allo a hannu kana nuna wa alhazai hanya, rana tana gasa maka ƙeya, ko kuma ka zauna a ofishin alhazan da suka ɓata, cikin sanyin na'ura, in kana da harsuna. Shi wannan ofishin ba a shiga sai wani tsohon ma'aikaci ya tsaya maka. Kuma shekara talatin, duk wanda Ammi Hamza ya kawo ba a gwada shi, ba a yi masa tambaya, maganarsa ta isa. Ba shi da mota, ba shi da gidan kansa, wannan yardar ita ce abin da yake tinƙaho da shi a duniya.

Aka ba ni takarda in cike. A layin harsuna na rubuta Hausa, Larabci, Turanci. Na ga akwai sauran fili, sai na ƙara Girkanci. Lissafina mai sauƙi ne: wa ya taɓa ganin alhajin Girka?

Kwana biyun farko lafiya lau. Tsofaffin Kano da na Maraɗi nake ta mayarwa tantinansu, ina shan addu'a. Ranar Sallah bayan azahar, an dawo daga jifa, ofis ya cika maƙil, sai ga jami'ai biyu sun shigo da wani dattijo fari, gajere, har yanzu yana cikin haraminsa, kansa sabon aski, fuskarsa ta yi jawur. Babu abin hannun da ake ɗaura wa kowane alhaji mai lambar tantinsa, babu kati a wuya. Sai wata 'yar jaka mai ƙaramar tuta shuɗi da fari. Mushrif ɗinmu, wato shugaban ofis, wani Balarabe da ake kira Abu Nayif, ya duba tutar ya ce Yunan, ma'ana Girka. Na fara laluben ƙofar fita da ido.

Abu Nayif ya zaro waya zai buɗe abin fassara. Da an bar shi da tuni magana ta ƙare. Amma Ammi Hamza ya dafa masa hannu, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ajiye wayar nan, ya shaikh. Ga ɗana Duktur, Girkanci a bakinsa kamar ruwa."

Aka buɗa mini hanya. Na taka a hankali, na tsaya gaban dattijon, na yi masa gaisuwar nan ɗaya da na sani. Ikon Allah, ya gane ta. Idonsa ya kawo ruwa, ya kama hannuna da hannu biyu, ya shiga zubo magana ba waƙafi ba aya. Ni kuwa na kasa kunne ina jiran kalmata ta wuce, kamar mai jiran bas a tashar Kudai. Motoci suka yi ta wucewa, tawa ba ta zo ba.

A nan ne ya kamata in juya in ce jama'a ku yi haƙuri, ban ji ko ɗaya ba. Kalma nawa ce? Amma ga Ammi Hamza a gefe ya harɗe hannu yana murmushi, ga mutane sun zuba mini ido. Sai na ce da Abu Nayif dattijon yana cewa jama'arsa sun tafi sun bar shi. (Ku lura da dabara: duk wanda aka kawo ofishin nan jama'arsa sun tafi sun bar shi.) Abu Nayif ya gyaɗa kai, ya ce to in tambaye shi lambar tantinsu da sunan shugaban ayarinsu.

Na juya ga dattijo na ce, "Afentes?" ina nuna ƙofa. Ya kalli ƙofar. Na ce, "Afeken?" ina buɗa hannu. Ya dube ni, ya dubi jama'a, sai ya shiga bubbuga ƙirjinsa ta hagu, ya haɗa yatsu biyu ya kai baki, ya sake bugun ƙirji. Ya yi haka sau uku. Kowa ya juyo gare ni. Na duba cikin kayan da nake da su, na ga ma'ana biyar ce jal, na saki da na bari sun riga sun tafi, zazzaɓi da yara ba su dace ba. Na ce yana cewa ya yafe musu, har cikin zuciyarsa.

Ofis ya ɗauki masha Allah. Wata Hajiya 'yar Sakkwato da ke jiran a zo a ɗauke ta ta ce wannan shi ne Hajji karɓaɓɓe. Ammi Hamza ya dafa kafaɗata. Ni kuma, ko tsoro ne ko yabon ne ya hau mini kai, ban sani ba, sai na ga gara in ƙara kafin a sake tambayata lamba. Na gyara murya na karanto masa layukan nan biyu da na haddace, da afes ɗinsu da komai, har ina ja musu kamar mai tilawa.

Dattijo ya saki hannuna. Ya ja da baya taku biyu, ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya waiga ya leƙa waje, sannan ya ce a hankali, "Astagfirullah." Wannan kam ba wanda ya nemi tafinta.

Na ji hannun Ammi Hamza ya sauka daga kafaɗata. Ya dube ni kallo ɗaya, ya ga gumin da ke bin wuyana a ɗakin da kowa ke jin sanyi, ya gane. Ya jawo kujera ya zaunar da dattijon, ya ba shi ruwa, sannan ya tsuguna a gabansa ya naɗe hannun rigarsa ya kwaikwayi alwala, ya kama wuyan hannunsa ya ɗaga gira. Nan take dattijo ya zuge aljihun ɗamarar haraminsa ya fito da abin hannun da katin, a naɗe tsaf. Ashe tsofaffi da yawa haka suke yi, suna cirewa don tsoron kada ruwan alwala ya ƙi taɓa fata, sai su manta su mayar. Duk tsohon ma'aikaci ya san haka, kuma da ban tsaya a gaba ina wa'azi ba, da shi za a fara dubawa.

Akwai lambar wayar shugaban ayarinsu a katin. Abu Nayif ya kira, ya buɗe muryar wayar kowa na ji. Mutumin yana jin Larabci sosai. Suka yi magana da dattijon, sannan ya ce mana a gaggauta, bawan Allahn nan yana da ciwon zuciya, ƙwayoyinsa suna tanti a wurin matarsa, tun safe ya kamata ya sha, kuma dattijon ya ce ya yi ta nuna mana ba mu gane ba. Abu Nayif ya dube ni. Hajiyar Sakkwato ma ta dube ni.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Muryar ta sake cewa, "Afuwan, yana tambaya, wane ne saurayin da ke yi masa karatu? Ya ce irin maganar da yake ji daga cocin maƙwabtansu ce a ƙauye in ana addu'a. Ya tsorata, ya zaci ya yi tafiya har ya fita daga Mina bai sani ba."

Tafintan Urdu ne ya fara dariya, ya toshe baki da hula ya fita waje, muna jiyo shi. Shugaban ayarin ya ƙara da cewa ai dattijon yana jin Turkanci, mutanen yankinsu duk suna ji, da ma mun gwada. A kusurwar ɗakin, tafintan Turkanci, wanda tun ɗazu yake cin shinkafa da naman Sallah yana kallon ikon Allah, ya ɗaga cokalinsa sama.

Aka ɗora dattijo a keken marasa lafiya, Ammi Hamza da kansa ya tura shi. Dattijon ya sha maganinsa, ya kwana lafiya, ya ƙarasa Hajjinsa, alhamdu lillahi, don ban san inda zan sa kaina ba da abin ya zo da ƙarar kwana. Kusan minti ashirin na ci masa. Abu Nayif ya miƙo hannu, na cire katin aikina na ba shi. Bai zage ni ba. Da Ammi Hamza ya dawo, a gaban kowa Abu Nayif ya ce masa, "Ya Ammi, kai ka kawo shi." Tsohon ya sunkuyar da kai ya ce na'am, shi ya kawo ni. Wallahi da mari aka yi mini da ya fi mini sauƙi.

Sauran kwanakin Mina a titi na yi su, da allo a hannu, ina cewa dama, hagu, yalla ya Hajj, cikin harsunan da na iya da gaske.

Bayan Hajji na yi mako guda ina zagayewa ta ƙofar baya don guje wa majalisar shayi. Daga ƙarshe na sami Ammi Hamza shi kaɗai yana wanke kofunan shayi, na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ma'alesh, ya wuce, in tashi. Ya zuba mini shayi. Sai da na kusa shanyewa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ya waladi, ɗana, da ka ce mini kalma ɗaya ka sani, da na yi alfahari da kalma ɗayar. Mu nan ko ita ba mu sani ba." Ya gaya mini Abu Nayif ya kafa doka, daga yanzu duk wanda aka kawo sai an gwada shi, ko wa ya kawo shi. Ya faɗe ta kamar labarin wani, amma na ga yadda ya daɗe yana goge kofi ɗaya.

Har yau ana yin gwajin. A zaunar da sabon tafinta, a kira mai harshen a waya, a ce bismillah, yi magana mu ji. Bara Ammi Hamza ya kai surukinsa, mutum mai furfura da ya shekara ashirin a Jakarta yana jin harshensu, aka zaunar da shi aka gwada kamar kowa, tsohon yana tsaye a bakin ƙofa yana jira. Ma'aikata suna kiran abin imtihanin Duktur, kuma sababbi suna ɗauka wani babban malami ne ya tsara shi.

Abin da na koya bai fi cikin cokali ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, wannan kowa ya sani tun yana yaro. Abin da ba a gaya mini ba shi ne, in ka faɗa, ba kai kaɗai kake faɗawa ba, har da wanda ya riƙe maka hannu. Yanzu in aka tambaye ni ko ina jin wani harshe, ko Hausa ce, cewa nake yi ana dai taɓawa.