Rigar Kebul a Hannun Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Talatar bazara ba, ko da na so in manta, domin mutum goma sha huɗu ne suka shaida abin, kuma dukkansu Allah ya ba su tsawon rai da ƙarfin baki.

Sana'ata haɗin kebul. Ba siririyar wayar da ake ja a ɗaki a rataya ƙwai ba. Ina nufin babban kebul mai sulken ƙarfe, wanda muke kira amod, wanda ake binnewa daga taransifoma zuwa masana'anta. Kaurinsa ya kai damtsen ƙato, kuma in ka ji mutum ɗaya ya ce zai ɗaga shi, fara nemo masa mai ɗori. Shekara tara na yi a Kano ina wannan aiki kafin in dawo gida Daura, kuma na iya. (Ba don yabon kai na faɗa ba. To, don yabon kai ne, amma gaskiya ce.)

Damuwata ɗaya ce a lokacin. Surukina Malam Sule, dillalin shanu, bai taɓa ɗaukar aikina a bakin komai ba. In aka tambaye shi me mijin Hadiza yake yi, sai ya ce, "Yana dai shiga rami." Shekara huɗu abin yana ci mini rai, amma wa zai tsaya gardama da suruki? Ni da ko fuskarsa ba na iya kallo. In na je gaisuwa, durƙusawa nake yi in zuba wa takalmansa ido har a sallame ni. Na san takalman nan fiye da yadda na san mai su.

Ana nan sai amininsa Alhaji Nuhu ya gina injin matsar man gyaɗa a hanyar Mashi. Kebul ɗin da aka kawo ya gaza da kamar taku arba'in kafin ya kai ɗakin inji, aka sayo ciko, dole a haɗa biyun a cikin rami. Alhaji ya ce zai ɗauko mai haɗi daga Kano. Sai surukina, mutumin da ban taɓa jin ya yabe ni ba, ya ce masa, "Ga namu a gida? Ba shi aikin. In ya ɓata, ni na ɓata." Hadiza ce ta kawo mini labarin, ta ƙara da cewa, "Don Allah kada ka sa Baba ya ji kunya." Na yi dariya na ce ta kwantar da hankalinta, wannan aikin ko ido rufe ina yin sa.

Da sassafe muka fara ja. Leburori goma sha biyu, babbansu wani dattijo Ɗanlami. Na tsaya a bakin rami ina ba da umarni, "Ja! Tsaya! Kai, kada ka lanƙwasa shi, ba rake ba ne!" Da cikon ya kwanta daga wurin haɗi har ɗakin inji, na ce a zuba yashi, a jera bulo a kai, a mayar da ƙasa, don in manya sun zo su tarar da wuri tsaf.

Ɗanlami ya ce, "Oga, da an bari an gama haɗin tukuna."

Na ce, "Ɗanlami, kai ka yi Kano ko ni?"

Ya ɗauki shebur.

Bari in yi muku bayanin abu ɗaya, don ku gane girman abin da na aikata. A cikin kayan haɗi akwai wani baƙin bututun roba mai tsawon hannu da rabi, muna ce masa riga. Kafin a haɗa komai, ana zura ta a jikin kebul ɗaya a tura ta gefe. In an gama haɗi sai a jawo ta ta rufe wurin, a bi ta da wutar gas, ta tsuke ta manne, ruwa ba ya shiga har abada. In ka haɗa ba ka zura ba, shi ke nan, babu ƙofar da za ta shiga. Kamar mutum ne ya ɗaure takalmin soja sannan ya tuna da wando. Wanda ya yi sati ɗaya a sana'ar ya san wannan.

Wajen ƙarfe goma sai ga Alhaji Nuhu da surukina. Aka sa musu benci ƙarƙashin darbejiya, dab da bakin ramin. Na durƙusa na gaishe da takalma kamar kullum. Alhaji ya ce, "To, Injiniya, nuna mana abin da za ka yi." (Ni ba injiniya ba ne. Ban gyara masa ba.)

Nan fa baki ya buɗe. Na baje kayana a kan leda mai tsabta, na shiga bayani ɗaya bayan ɗaya. Na nuna musu zobban ƙarfe huɗu da ake haɗa jijiyoyin kebul da su, na nuna abin matsewa. Na ɗaga riga sama na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ita ce ran aikin. Ko ƙasa ba a so ta taɓa. Duk wanda ya haɗa kebul ya manta da ita, ba mai haɗi ba ne, ya je ya buɗe shagon gyaran rediyo." Leburori suka yi dariya, na ji daɗi har cikin raina.

Sai na ga hannun surukina ya miƙo, yana son ya taɓa ya ji. Na sunkuyar da kai na ba shi da hannu biyu. Daidai nan Alhaji ya tambayi yadda ake fere sulken, ni kuma da ɗoki na yi tsalle na faɗa rami don in nuna masa a aikace.

Jama'a, na yi aiki ranar. Na fere fatar waje, na tanƙwara wayoyin sulke baya ɗaya-ɗaya, na ware jijiyoyi huɗu, ja da ɗorawa da shuɗi da baƙi. Kowace na zura mata ƙaramar rigarta (ƙananan ban manta da su ba, ku lura), na sa zobe, na matse har sai da abin matsewa ya yi ƙara. Na gasa ƙananan riguna suka kwanta lumui. Na haɗa sulke da sulke na ɗaure. Kusan awa uku ina ciki, gumi har cikin ido, ina yi ina bayani da ƙarfi don na saman su ji. Kuma a duk tsawon lokacin ban ɗaga kai na dubi ɓangaren bencin ba ko sau ɗaya, saboda surukina yana wurin, ni kuma yaro ne mai tarbiyya.

Na miƙe na dafa ƙugu na dubi haɗin. Wallahi ya yi kyau. Na ce da murya irin ta wanda ya gama, "Ɗanlami, jawo riga."

Ɗanlami ya dubi kebul ta dama. Ya dubi ta hagu. Ya ce, "Oga, wacce?"

Na kai hannu baya ina shafa kebul. Babu. Na shafa ɗaya gefen. Babu. Wurin ya yi tsit, har ina jin kukan akuya daga can ƙauye.

Sai murya ta sauko daga sama, a hankali, cikin natsuwa.

"Ko wannan ce kake nema?"

Na ɗaga kai. Ga surukina zaune, riga a kwance a kan gwiwoyinsa, ya tallafe ta da hannu biyu.

"Ka ce kada ta taɓa ƙasa," in ji shi. "Ba ta taɓa ba. Ko furar da aka kawo, da hannu ɗaya na sha."

Da ramin ya ƙara zurfi ya rufe da ni, da na gode masa. Daga bayan leburori wani ya ce ƙasa-ƙasa, "Akwai shago babu kowa a bakin tasha, ya yi daidai da gyaran rediyo." Wasu suka juya baya, kafaɗunsu na rawa.

Alhaji Nuhu bai gane ba tukuna. Ya ce, "To ai ga ta, sai a sa." Dole na buɗe baki, da harshen nan da ya yi awa uku yana wa'azi, na ce ba za ta shiga ba. Ya yi ɗan tunani ya ce, "A tsaga ta da wuƙa mana, a rufa, a naɗe da tef. Ba binnewa za a yi ba? Wa zai gani?"

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta ce in karɓa. Minti goma an gama, a ba da wuta, inji ya tashi, kowa ya tafa. Amma na san abin da zai biyo baya. Ruwan farko na damina zai bi tsagar ya shiga, wata rana haɗin ya yi bindiga a ƙarƙashin ƙasa, a zo a tono, a ga tef. Sannan a tuna wanda ya ce in ya ɓata shi ya ɓata.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zai yi ba. Damina ɗaya ba zai kai ba. Laifina ne ni kaɗai. Sai dai a yanke haɗin, a aika Kano a kawo wasu zobban, in sake daga farko."

Fuskar Alhaji ta canja. Ya juya ya dubi amininsa ya ce, "Malam Sule, ka ji namu na gida."

Wannan maganar ta fi dariyar leburori yi mini ciwo, domin ba ni aka faɗa wa ba.

Surukina ya juya rigar a hannunsa, ya leƙa cikinta ta wannan baki, ya leƙa ta wancan. Sannan ya ce, "Ni ban san wuta ba, igiya na sani. In muka ƙulle igiya a tsakiya, muka tuna ba mu zura zobe ba, ta ɗaya bakin muke bi. Wannan wayar taku ba ta da wani bakin ne?"

Tana da shi. Yana can a ɗakin inji, ban riga na ɗaura shi a komai ba. Shekara tara a Kano, sai dillalin shanu ne ya tuna mini cewa kebul baki biyu gare shi. Sauran matsala ɗaya: tsakanin wancan bakin da inda nake tsaye akwai taku arba'in, kuma duk an binne, bisa umarnin wani gwani.

Ɗanlami ya dogara da shebur ya ce, "Oga, ni dai ban yi Kano ba. Amma a tono?"

Na ce a tono, don Allah.

Bayan azahar aka kwashe ƙasa, aka ɗebe bulo, aka share yashi. Na zura riga ta bakin ɗakin inji. Daga nan leburori suka riƙa ɗaga kebul a kafaɗa kaɗan-kaɗan, ni kuma ina ƙarƙashinsu da rarrafe, ina goge jikinsa da tsumma don kada yashi ya karce cikin rigar, ina tura ta gaba. Su ɗaga, in goge, in tura, su sauke, mu matsa. Gumin ƙarti goma sha biyu yana ɗiga a ƙeyata. Duk inda muka matsa sai wani ya ɗaga murya, "A ba rigar Oga hanya!" Surukina kuwa yana biye da mu ta saman rami, hannu a baya, irin tafiyar da yake yi in ya rako saniya kasuwa.

Ana kiran la'asar riga ta iso gida. Na jawo ta kan haɗin, na kunna gas, na bi ta daga tsakiya zuwa baki har ta tsuke, gam ya ɓullo ta gefe biyu. Na sa na'urar gwaji, komai lafiya. Wannan karon ban yi wa kowa bayani ba. Alhaji ya leƙo ya ce, "To, madalla," ya wuce mota.

Na fito daga rami, gwiwoyin wandona duk sun huje, na durƙusa gaban takalman da na sani. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri. Na ba ku kunya a gaban mutane."

Ya ce, "Ɗago ka dube ni."

Na ɗago. Ashe mutumin yana da ɗan tabo a gira, shekara huɗu ban sani ba.

"Da ka tsaga ta, Alhaji ba zai sani ba, ni ma ba zan sani ba. Kai kaɗai ka sani, kuma ka ƙi. Wannan na gani." Ya gyara hularsa. "Amma ɗan nan, sau uku ina ɗaga maka abin nan ina kaɗawa. Na yi gyaran murya har maƙogwarona ya yi zafi. Kai kana can kana jin kunyata."

Damina biyar ke nan haɗin yana ƙasa, ko tari bai taɓa yi ba. Ɗanlami har gobe in mun haɗu a kasuwa sai ya tambaye ni ko akwai rediyon gyara. Ni kuma yanzu in na sauka wurin aiki, ko gwamna ne ya zo kallo, sai na zura riga kafin in buɗe baki, kuma na koyi cewa kunyar suruki abu ne mai kyau, amma a riƙa ɗaga kai ana duba abin da ke hannunsa.

Kwanan baya Hadiza ta ji wani baƙo yana tambayar Baba me mijinta yake yi. Baba ya ce, "Yana shiga rami. Kuma ya san abin da yake yi a ciki." Sannan ya ƙara, "In an riƙe masa riga."