Ranar da Na Sa wa Gwaggo Alif

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da Asabar ɗin da aka zo neman auren Bilkisu, 'yar ƙanina, a gidana da ke Tudun Wada. Ni ne babba a gidanmu, saboda haka ni ne waliyyi, kuma a falona za a karɓi baƙi. Ƙanina ya ce abu ɗaya yake so, dangin ango su fita sun san gidan mutunci suka zo. Bilkisu kuwa ta bakin matata Hajiya Asabe ta aiko da nata roƙon: don Allah Baba kada ya yi musu lacca.

Yarinyar ta san halina. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin tafinta, na zauna Alƙahira, na zauna Hamburg, na leƙa Japan har sau biyu. Ina jin Larabci da Faransanci da Jamusanci, ga Turanci. Ciwon da wannan yawo ya bar mini shi ne, ko ƙosai ka miƙo mini sai na gaya maka yadda ake soya ɗan'uwansa a Masar.

Wani abin da na dawo da shi daga yawon shi ne son kifin ado. Na sa wani mai aikin gilashi a Kwangila ya haɗa mini akwatin ruwa wanda tsawonsa ya kai na gado, na zuba jajayen kifaye tara. Babbar cikinsu Hajiya ce ta raɗa mata suna Gwaggo, don ga ƙiba, ga tafiya a hankali, ga kallon mutane kamar kowa ya yi mata laifi. Shekararta bakwai a gidan. (Hajiya ta fi yi mata magana da taushi fiye da yadda take yi mini, amma wannan wani zance ne.)

Ana saura mako guda baƙi su zo, sai ruwan ya yi dishi-dishi kamar wanda aka wanke gero a ciki. Hankalina ya tashi. A Hamburg na ga akwatin kifin da in ka tsaya gabansa sai ka rantse a iska kifayen suke shawagi. Irin wannan nake so surukai su gani, ba wannan ƙasari ba.

Na zauna na yi nazari irin na masana, na yanke cewa ruwan ba ya gudana yadda ya kamata. Na tafi kasuwar Sabon Gari neman injin da zai riƙa juya shi. Mai shagon ya miƙo mini wani ɗan ƙarami kamar akwatin ashana, ya ce ya ishe ni. Na dube shi, na nuna wani ƙato, irin wanda ake sa wa ruwan ado a ƙofar otal. Ya ce, "Baba, wannan fa yana da ƙarfi." Na ce ai ƙarfin na zo saya. Takardar bayaninsa har da Jamusanci a ciki, na karanta wa Hajiya da babbar murya ina jin daɗin harshena. Shafin da aka jera girman akwatin da injin ya dace da shi kuwa tsallake shi na yi, don lambobi ne kawai, babu abin burgewa.

Na haɗa injin. Daga nan na buɗe matacin ruwan da ke jikin akwatin na ciro soson da ke ciki. Ya yi baƙi-baƙi, ga yauƙi, ga ƙarni. Na ce ashe ga ɓarawon. Na wanke shi da garin sabulu, na ɗauraye sau uku kamar mai tsarki, na shanya shi a rana har ya yi fes, na mayar.

Ranar Juma'a ruwan bai gama washewa ba. Sai na tuna mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, yadda in an ɗebo ruwa ja da damina takan jefa ɗan alif a randa, kafin a jima laka ta kwanta, ruwa ya yi garau. Na sayo dunƙule guda wurin mai koli. Hajiya ta gan ni ina dakawa, ta ce, "Malam, alif ɗin nan fa na randa ne." Na ba ta amsa da Faransanci, abin da nakan yi ke nan in ba ni da hujja. Na juye shi duka a akwatin.

Da safiyar Asabar, wallahi ruwan nan ko na Hamburg bai kai shi ba. Na ja kujerata na ajiye a gaban akwatin, na ba shi baya, yadda duk wanda ya kalle ni zai gan ni cikin farar babbar riga, ga ruwa yana walƙiya a bayana.

Bayan azahar baƙi suka iso, su shida, har da limamin unguwarsu. Jagoransu baffan ango ne, Malam Tanimu daga Dutsen Abba, wani siririn dattijo mai kaushin hannu, marar yawan magana. Aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya. Wani daga cikinsu ya ce masha Allah, wannan akwati ya yi kyau. Shi ke nan, roƙon Bilkisu ya bi iska.

Na fara daga Masar, na bi ta Jamus, na sauka Japan. Na bayyana musu cewa sirrin kifi gudun ruwa ne da tsabta, mu a nan ne ba mu gane ba. Ina magana ina ganin idanunsu suna tafiya dama, suna dawowa hagu, duk su shida a tare. Na ɗauka hannuna suke bi, sai na ƙara faɗin hannun.

Da ƙyar liman ya sami kafa ya ce a buɗe da addu'a. Muka ɗaga hannu. Ina jin amin ɗin tana fitowa wani iri, wani ma kamar yana haɗiye tari. Ana shafawa Malam Tanimu ya gyara zama ya ce, "Alhaji, a gafarce ni. Kifin nan laifin me suka yi maka?"

Na juya. Gwaggo ce a rigingine, farin tumbinta a sama, ruwa yana zagayawa da ita kamar tsumma a injin wanki. Ta bi ta gaban liman, ta bugi gilashi, ta dawo. Sauran sun cure a lungu guda, bakunansu a saman ruwa suna haki. Ashe tun ina Masar take wannan zagaye.

Abin da ya fito daga bakina, Allah ya yafe mini, shi ne wai a Japan wannan motsa jiki ne.

"A Japan ɗin ma a rigingine suke yi?" in ji Malam Tanimu.

Bai jira amsa ba. Ya tuɓe babbar rigarsa, ya zare wayar injin daga bango, ya tsoma yatsa a ruwan ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska. Ya tambaye ni ko alif na sa. Na buɗe baki, a cikin harsunan da na sani babu wanda ya zo taimako. Daga bayan labule muryar Hajiya ta fito, a natse: "Ya sa. Dunƙule guda."

A nan na ji cewa mutumin nan shekara ashirin ke nan yana kiwon tarwaɗa da karfasa a bayan gidansa. Ya ce a kawo robobi da ruwan rijiya maza. Mutanen da suka ci shadda suka zo neman aure, sai ga su sun naɗe hannun riga sun yi layi daga bakin rijiya zuwa falo suna miƙon bokiti, har da liman. Shi kuwa ya durƙusa, ya tallabe Gwaggo cikin robar wankin Hajiya, yana kai ta gaba yana dawo da ita a hankali don ruwa ya bi ta maƙogwaronta.

Yana cikin haka ya tambayi soson mataci. Na ga dama ta samu in ɗan farfaɗo da mutuncina, na ce ai wannan na wanke shi tas, har da sabulu. Ya ɗago ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake wa wanda aka yi wa rasuwa. Ya ce wannan yauƙin da na wanke wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, su ne ke cinye gubar kashin kifi. "Ma'aikatanka ne, Alhaji. Ka kore su duka rana ɗaya, ka kawo guguwa, sannan ka zuba musu abin da ke ƙona maƙogwaro."

Biyu daga ƙananan kifayen ba su rayu ba. Gwaggo kuwa dab da la'asar ta mirgina ta daidaita, ta dube ni, kuma a wannan karon tana da gaskiya.

A kan jiƙaƙƙen kafet aka nemi auren Bilkisu. Ni waliyyi na ce mun ba ku da ƙafar wando a naɗe, bokiti a gefena. Da ƙanina ya kira yana tambayar yadda aka yi, Hajiya ce ta karɓi wayar. Ta ce masa komai ya tafi lafiya, surukan mutanen kirki ne, har ruwa suka ɗebar mana.

Kwana biyu bayan nan Malam Tanimu ya dawo da tsaraba a leda: wani tsohon soso baƙi ƙirin daga matacin tafkinsa, yana ɗiga. Ya sa shi a nawa, ya haɗa ɗan ƙaramin inji irin wanda na raina, ya juya bakinsa sama yadda fuskar ruwan kawai ke ɗan rawa. Ya ce in soson ya toshe, in matse shi cikin ruwan akwatin da na rage, kada sabulu ya sake ganinsa. Ban ambaci Hamburg ba ko sau ɗaya.

Yanzu ruwan nan yana da ɗan launi kamar shayin da bai ji ganye ba, kifayen kuma lafiyarsu ƙalau. Ni kuwa na koyi abu guda: duk lokacin da nake magana na ga mutane sun yi tsit sun zuba ido, nakan fara waiwayawa tukuna, in tabbatar ni suke kallo.