Piyanon Kawu Darakta

Shekarun da na yi a waje ina karatu, na sha jin malamai suna cewa kiɗa na gyara hali, koyo kuma ba ya ƙarewa sai an rufe ido. Jinsu kawai nake yi. Ban fara tunanin ko da gaskiyarsu ba sai da na dawo gida na tarar Kawu Darakta ya sayi piyano.

Kawu mutum ne da ilimi ke miƙewa tsaye idan ya shigo ɗaki. A ofis, a bayan idonsa, Na-Riga-Na-Sani suke kiransa, don bai taɓa barin wani ya kai ƙarshen magana ba. Ko haihuwa aka yi maka ka kawo masa albishir, zai ce tun bara ya hango.

Ritayarsa ta matso, ga kuma kujerar mai ba da shawara da kamfani zai ba mutum ɗaya cikin masu tafiya. Shugaban kamfani ya faɗa a taro cewa wanda bai daina koyo ba shi za a ba. Washegari aka shigo da piyano mai aiki da lantarki falon Kawu, aka ture talabijin kusurwa.

"Gemu ba ya hana ilimi," in ji Kawu, yana shafa nasa. "Ku shaida, ranar liyafar sallamata da hannuna zan buga, a gaban Shugaba."

Aka nemo malamin kiɗa. Kawu ya zaunar da shi, ya yi masa bayanin asalin kiɗa har lokacin darasi ya ƙare, sannan ya yaba masa da saurin fahimta. A zama na biyu malamin ya buɗe littafin farko. Kawu ya tuna masa cewa darakta ba ya komawa matakin farko, ya ƙara wa kansa girma zuwa littafi na biyar. Baƙaƙen maɓallan piyanon kuwa ya dakatar da su daga aiki, wai masu cusa kai ne tsakanin jama'a. Da malamin ya ce yatsu sai da atisaye kullum, Kawu ya amince da shawarar nan take, ya umarci direbansa ya riƙa yi kowace safiya.

Malamin ya ce bari ya sha iska a waje. Har yau yana sha.

Kawu ya ci gaba shi kaɗai. Idan ya ɗora hannu sai ka rantse kwanuka ne suka zubo daga kanta. Maƙwabci ma ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Ana haka, wata rana gwiwar hannunsa ta danna wani jan maɓalli a gefe, sai piyano ya ɓarke da kiɗa mai daɗi shi kaɗai. Kawu ya kira wannan ilhama. Daga ranar ya dage da atisaye na gaske a gaban madubi: lumshe ido, kaɗa kafaɗa, yawo da yatsu a sama-sama.

Ranar liyafa aka kai piyano zauren taro, wuri ya cika, Shugaba dai bai iso ba. Kawu ya zauna, ya danna jan maɓallin nan da dabara, ya lumshe ido. Kiɗa ya tashi, mutane suka kasa kunne. Har masu kiransa da sunan nan suka fara jin kunya.

Sai ƙofa ta buɗe, Shugaba ya shigo.

Kawu bai taɓa ganin na sama da shi ya ci gaba da zama ba, kuma jiki ba ya manta sabo. Kafin hankalinsa ya ba da izini ya tsallake zauren, ya kama hannun Shugaba da hannu biyu yana jijjigawa. Piyano kuwa ya shiga wuri mafi daɗi a kiɗan.

Shugaba ya leƙa ta kafaɗarsa ya dubi kujerar da babu kowa. Kawu ya waiwaya, ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, ka ga irin horon da nake ba na ƙasa da ni. Ko ba na nan, aiki ba ya tsayawa."

"Madalla," in ji Shugaba. "Ashe za ka huta hankalinka kwance."

Kujerar mai ba da shawara kuwa, wani aka ba. Piyano ya koma falo, jan maɓalli na ta aiki, Kawu na yi wa baƙi jawabi a kan amfanin koyo. Na samu matarsa a kicin, ta toshe kunne da auduga. Na tambaye ta ko kiɗa ya kawo wani canji a rayuwar Kawu.

Ta zare audugar kunne ɗaya. "Sosai ma, ɗan nan. A da, shi kaɗai ke surutu a gidan nan ba ya saurarar kowa. Yanzu su biyu ne."