Rasuwar Kan Sarki Mai Taswira

Da zuciya cike da baƙin ciki, da sallamawa ga hukuncin Mai Duka, Alhaji Gado Sodangi na Abu Hujar, bakin kogin Nilu a ƙasar Sudan, yana sanar da 'yan'uwa har Rufa'a da Rusairis rasuwar kan sarkinsa na wasiƙa mai taswira, wanda ya cika ranar Talata a aljihun jallabiya.

Marigayin ya iso manne da ambulan wani alhaji, tun kafin a gina madatsar ruwan Rusairis. Faɗinsa bai wuce farce biyu ba, amma ya ɗauki Afirka sukutum bai taɓa kukan nauyi ba. Taswirar jikinsa aikin wani Bature ne na zamanin da, wanda alamu suka nuna bai taɓa taka ƙasar nan ba. Ya haɗe kogin Kwara da na Nilu suka zama kogi ɗaya, inda saninsa ya ƙare kuma ya zana giwa.

Da wannan hujja Alhaji ya shekara goma sha wani abu yana kayar da abokinsa Malam Mato a musu a wurin shan gahawa, cewa daga mashayar garin nan kwalekwale zai kai mutum Sakkwato. A nan kaɗai yake ganin ƙasar kakansa da ta 'ya'yansa babu tafiya tsakani.

Marigayin ba mai surutu ba ne. Ba a san shi da wata murya ba sai "ƙyas" ɗin gwangwanin da yake kwana ciki.

Ajali ya same shi ranar da aka manta shi a aljihu, Hajiya Yalwa, uwargidan Alhaji, ta kai wanki bakin kogi. Ya sha sabulu, ya sha bugu a kan dutse. Da aka ciro shi Sakkwato ta narke, giwar ce ta yi saura, ita ma ba ta kai la'asar ba.

Ya bar gwangwani, da tabarau mai ƙafa ɗaya da Alhaji yake duba shi da shi, da Malam Mato wanda tun jiya yake murmushi.

Za a sa shi a makwancinsa gobe da hantsi, gindin dogon yaro, cikin likkafanin auduga 'yar gonar gida. Masu ta'aziyya su zo da gahawarsu. Hajiya ta ce ba za ta hura wuta ba, kuma daga yau mai yawo da duniya a aljihu shi zai riƙa wanke rigarsa.