Injin da Alhaji Barau Yake Nema

A Funtuwa akwai wani tsohon direban tirela, Alhaji Barau, wanda har ya ajiye tuƙi bai taɓa yin haɗari ba. Haka yake faɗa, haka kuma aka bar maganar. Ba wai motarsa ba ta taɓa kwanciya a gefen titi ba. Ta kwanta, har da lodin masara a kanta, ta kuma taɓa shiga gonar wani bawan Allah ta fito ta ɗaya gefen da kunyoyin dankali a gabanta. Amma ranar masara birki ne ya ƙi, ranar gona kuwa taya ce ta fashe. Duk sa'ad da irin haka ta faru, Alhaji zai sauko ya kaɗe rigarsa, ya zagaya motar har ya gano abin da ya ci amanarsa, sa'an nan ya kira bakanikensa Mamuda ya cire abin a sa sabo. Mai mota ya wanke Mamuda da faɗa, Mamuda ya sunkuyar da kai, Alhaji ya hau ya ci gaba da tafiya da sunansa fes. Da haka aka laƙaba masa Ba-Haɗari a tasha.

Da zaman gida ya fara damunsa, 'yarsa da ke aiki a Fatakwal ta aiko masa da kwamfuta ta wasa, da sitiyari, da totur da birki na takawa da ƙafa, da wasan tuƙa tirela a ciki. Alhaji bai ɗauki abin da wasa ba. Kafin ya kunna sai ya yi addu'ar tafiya, ya leƙa cikin gida ya ce a yafe masa in an ji shiru. Nan da nan majalisar tsofaffin direbobi ta taso daga gindin dalbejiya ta dawo zaurensa. Bayan la'asar za su jeru a tabarma a bayansa kamar fasinjoji, wani na ba shi labarin hanya, wani na barci. In zai yi baya, ɗaya daga cikinsu ya miƙe ya zama karen mota, yana bubbuga bango yana cewa, "Taho, taho, ya isa."

Matsalar ɗaya ce. A cikin wasan akwai wata kwana a kan dutse, da rami a ƙasanta, kuma Alhaji bai taɓa wuce ta ba. Da ya iso sai tirela ta bar titi, ta gangara, ta kife ƙafafu sama. Allah kuma ya taimake shi, kwamfutar tana da ciwon sarƙewa: hoto ya tsaya cak, ya yi ɗan tsalle, sa'an nan ya ci gaba. Wani lokaci kafin kwanar take sarƙewa, wani lokaci sai motar ta riga ta isa ƙasan rami. Alhaji bai damu da wannan bambancin ba.

"Kun gani ai," yakan ce. "Ta sarƙe."

"Bayan ka faɗi ta sarƙe," in ji Sallau, tsohon direban tanka, wanda tun suna samari yake jin haushin sunan Ba-Haɗari.

"A ciki ta fara. Gilashin ne bai nuna da wuri ba."

Sallau bai bar maganar ba. Ya je ya yi tambaya a gari, ya dawo da labarin cewa abin da ke sa kwamfuta sarƙewa wani ɗan ƙarfe ne da ake kira furosesa, shi ne ƙwaƙwalwarta, kuma ana canja shi kamar yadda ake canja inji. Majalisa ta yanke hukunci. Dole Alhaji ya je Kano ya sa sabo. Ran Juma'a bayan la'asar kuma zai hau. In ya wuce kwanar, sunansa ya tabbata. In ya kife da sabon inji, ya sauka daga kujera, Sallau ya hau, shi kuma ya koma bubbuga bango. Don kada a ce an yi maguɗi, aka haɗa shi da Mamuda, domin direban kirki ba ya sayen inji babu bakanikensa.

Suka naɗe kwamfutar da bargo, aka sama mata kujera tata a mota tsakaninsu, sitiyari a cinyar Mamuda. Tun daga Funtuwa har Kano idon Alhaji na kan titi. Yana ta kallon kwanoni.

Mai shagon da aka kwatanta musu, Nafi'u, mutum ne mai haƙuri. Ya buɗe cikin kwamfutar, ya hure ƙura, ya ciro tsohon furosesan ya ɗora a tafin hannunsa. Bai kai faɗin akwatin ashana ba.

Mamuda ya matso. "Wannan ne injin?"

"Shi ne, Baba."

"Ina ake zuba masa mai?"

"Ba ya shan mai. Ga wani farin abu nan kamar man goge baki, shi ake ɗan shafa masa don kada ya yi zafi."

"Giris ke nan," in ji Mamuda, hankalinsa ya ɗan kwanta. Ya karɓa ya kai kunne ya girgiza, ya shinshina.

"A hankali, Baba," in ji Nafi'u. "Dubi ƙasansa. Ka ga ƙafafun nan sirara kamar gashi? Ɗaya ta lanƙwashe, shi ke nan, ya gama aiki."

Mamuda ya daɗe yana kallon ƙafafun, sa'an nan ya ajiye shi a kan tebur a hankali.

Nafi'u ya ɗauko kwalaye biyu. Ya ce su biyun nan ne za su zauna a wannan kwamfutar. Ɗaya matsakaici ne, ɗaya kuma mai ƙarfi ne sosai, irin wanda masu gasa suke nema.

"Silinda nawa?" in ji Alhaji.

"In da silinda za mu kwatanta, wannan shida, wannan takwas."

"Tokumbo ne ko sabo?"

"Sababbi ne a kwalinsu."

Fuskar Alhaji ta ɗan canja. Ya dubi Mamuda ya ce ƙishirwa yake ji, ya taimaka ya nemo masa ruwa mai sanyi, amma ba na nan kusa ba, na can bakin titi ya fi. Da Mamuda ya fita, Alhaji ya jawo kujera kusa da Nafi'u ya rage murya.

"Ɗana, ƙaramin nan. Yana sarƙewa?"

"A wannan wasan? Ko kusa, Alhaji. Ka kwantar da hankalinka."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

"To babban fa?"

"Shi ai ko tireloli goma ka haɗa ba zai ji ba."

Alhaji ya yi tagumi. "Ba ka da wani wanda ya ɗan gaji? Sabo a ido, amma in ya ga hawa ya ɗan yi tari?"

Nafi'u ya ɗauka bai ji daidai ba. "Alhaji, ai sarƙewar kuka zo gyarawa."

"Gyarawa muka zo yi, ban ce a kashe ta ba. Ni ba mai yawa nake nema ba. A miƙaƙƙiyar hanya ya yi gudu, jama'a su ga an sa sabon abu. In an zo kwana, ya ɗan tsaya. Kamar ƙiftawar ido. Yadda mutum na bayana zai iya shaidawa."

"Babu furosesan da ya san kwana, Alhaji."

"To ka sa shi a karkace."

"Ba ya shiga a karkace."

"Ka rage masa giris ɗin."

"Zai ƙone."

"Fankar da ke sanyaya shi fa? A cire mata fiffike ɗaya."

Nafi'u ya ce shi dai ba zai fitar da aiki da ciwo daga shagonsa ba, gobe a ce shi ya yi. Alhaji ya girgiza kai irin na wanda ya ga ƙuruciya tsagwaronta.

"Ba ka taɓa aiki a ƙarƙashin mai mota ba, shi ya sa. Mu a sana'armu, in ka kai mota gareji ba ka bari a gyara ta duka. Kana barin abu ɗaya. Ko fitila mai lumshewa, ko birki mai ɗan kuka. Ranar da ƙaddara ta faɗa, ka sauko da abin nunawa a hannunka. Wanda ya fita da mota lafiya lau, ya fita shi kaɗai."

Sai ga Mamuda ya dawo da ruwa. Ya dubi kwalayen biyu, ya dubi Alhaji.

"An zaɓa?"

"Muna dai dubawa," in ji Alhaji.

"Majalisa ta ce mai ƙarfi. Sallau ya ce in dawo masa da kwalin ya gani da idonsa."

Babu yadda Alhaji zai yi. Aka sa mai silinda takwas, aka shafa masa farin giris, aka mayar da fanka da fukafukanta cif. Nafi'u ya ɗaure sitiyarin a bakin tebur, ya shimfiɗa totur da birki a ƙasa, ya ce a gwada kafin a tafi. Mamuda kuwa ya ɗauki tsohon furosesan ya fita bayan shago wurin janareta, ya roƙi ɗan fetur a gwangwani. Tun yana yaron gareji haka aka koya masa: duk abin da aka ciro daga mota sai an wanke shi kafin a mayar wa mai shi. Burushin ƙarfensa kuwa ba ya rabuwa da aljihunsa.

Alhaji ya cire takalmi, ya yi addu'ar tafiya, ya tayar da mota. Abin da ya gani ya ba shi tsoro. Titi ya kwanta sumul, itatuwa suna wucewa ba tsalle, har inuwar tsuntsu ya gani a kan kwalta. Maƙwabtan shago suka fara taruwa a bakin ƙofa, wani mai gyaran waya ya ce a ba Baba hanya, gwani ne. Alhaji ya rage gudu ko abin zai gaji, bai gaji ba. Ya taka totur har ƙasa ko zai yi tari, bai yi ba. Ya kunna fitilu duka, ya kunna abin share gilashi, ya danna ham ya riƙe. Inji ko a jikinsa.

Sai ga dutse, sai ga kwana.

Tirela ta bar titi a natse, ta gangara, ta juya, ta sake juyawa, ta kwanta ƙafafu sama. Ba a taɓa ganin faɗuwarta da kyau irin na ranar ba. Kowane dutse da ta buga ya fito sarai, tayoyin suna ta juyawa a sama babu ko ɗigon sarƙewa. Alhaji ya zauna riƙe da sitiyari yana jira ko hoton zai tsaya, ko da a makare. Hoton bai tsaya ba. Wani tsuntsu ma ya zo ya wuce.

Mamuda ya shigo yana goge hannu da tsumma.

"Mamuda," in ji Alhaji, bai juyo ba. "Birki."

Mamuda ya durƙusa, ya danna birkin robar da hannu, ya sake shi ya dawo. "Lafiya lau yake, Alhaji."

"Sitiyarin yana ja hagu."

Nafi'u ya juya shi dama da hagu. "Daidai yake."

"Kujerar nan ta yi ƙasa."

Mai gyaran waya ya ce za a iya kawo masa tasa, ta fi tudu. Alhaji ya yi kamar bai ji ba. Ya miƙe, ya sa takalmi, ya gyara hula, ya ce ya yi tunani. Sabon injin yana da kyau, ba shi da abin cewa, amma bai saba da hannunsa ba. A mayar masa da tsohon. Kwalin sabon kuma a ba Mamuda ya kai wa Sallau, tunda kwali ya ce yana son gani.

"Ina tsohon?" in ji Nafi'u, yana duba tebur.

Mamuda ya sa hannu a aljihu ya fito da shi a cikin tsumma, ya buɗe a gaban Alhaji da ladabi. Yana ta ƙyalli, yana ƙanshin fetur. Ƙafafun nan sirara duk sun kwanta gefe guda, kamar gero bayan iska.

Nafi'u ya ɗaga shi ya duba a haske, ya ajiye. "Allah ya ba da haƙuri, Alhaji."

Alhaji ya koma ya zauna a kujerar da ta yi ƙasa. Ya dubi tirelarsa a cikin rami, ya dubi ɗan ƙarfen da ya rufa masa asiri tun ranar da aka kawo kwamfutar, sa'an nan ya dubi bakanikensa.

"Mamuda, ka san abin da ka yi kuwa? Inji sabo, birki lafiya, sitiyari daidai. Ran Juma'a in na kife a gaban Sallau, me zan ce ya jawo?"

Mamuda ya ninke tsummansa ya mayar aljihu.

"Ka ce direba ne, Alhaji. Shi kaɗai ne ba mu taɓa canjawa ba."