Cefane Babu Gawayi

"Lafiya lau muka kwana, sai takaicin miji marar amfani," in ji Kaka, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Shigo mana, ka tsaya a bakin ƙofa ka tare mini ɗan hasken da ya rage."

Kafinta ya sunkuya ya shiga, don ƙofar gajera ce, shi kuwa Allah ya yi shi zanƙalele. Ya ajiye ledar cefane a gabanta, ya zauna a bakin gadon ƙarfe. Jikanta ne na fari, ɗan babban ɗanta. Tun yana cikin tsumma take ce masa maigida, shi kuma tun da bakinsa ya buɗe yake ce mata amarya, kuma ba a taɓa jin sun gaisa ba tare da sun yi wa juna tsiya ba. Yau ma ya shigo da tsiyarsa a baki, amma zuciyarsa a cunkushe take, don aike aka ɗora masa, aiken da ubansa da gwaggonninsa suka kasa kaiwa.

Ga yadda abin yake. Kaka gwanar kek da biskit ce, kuma a rayuwarta ba ta taɓa sayar da ko ɗaya ba. Ba ta da injin gashi, ba ta kuma taɓa nema ba. Babbar tukunya ce take shimfiɗa wa wankakken yashi a ciki, ta ɗora a murhun gawayi, ta jera gwangwanayen madara da ta shafe da bota, ta rufe, sannan ta ɗebo garwashi ta zuba a kan murfin, wuta ta ci ta sama ta ci ta ƙasa. Wanda ya haihu, wanda ya ci jarrabawa, wanda aka sallamo daga asibiti, har waɗanda suka yi faɗa ake so su shirya, duk kek ɗin Kaka ne. To, ciwon yanar ido ya rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya kama hanya. Makon jiya tana ɗaga murfi garwashi ya zubo mata a zane, ba ta gani ba sai da ta ji zafi a ƙafa. Ba don maƙwabciya ta shigo aron rariya ta sheƙa mata ruwa ba, da wani zancen ake yi. Iyali suka zauna suka yanke shawara: Kaka da wuta sun rabu, a ɗauke murhun. Sai dai wa zai faɗa mata? Uban ya ce shi bakinsa ba zai iya ba. Gwaggonni suka hau kallon ƙasa. Aka ƙare a kan Kafinta, wai shi ne mai faɗa mata komai ta yi dariya.

Ita kuwa da sassafe ta kira shi a waya, ta ce ya taho mata da fulawa, da ƙwai, da sukari, da bota, da gawayi. Maƙwabciyar nan take so ta yi wa kek na godiya.

Ta jawo ledar, ta shiga lalube. Ta ɗauko ƙwai ɗaya ta jujjuya a tafin hannu.

"Wannan na kaza ne ko na ƙadangare?"

"Na kaza ne. Ta ji ke za a kawo wa, ta ce ba za ta wahalar da kanta ba."

"Fulawar fa, a hanya ka shaƙe rabi?"

"Na ɗanɗana ne, kada a ba amaryata guba."

"Wa zai ɓata gubarsa a kaina, alhali an riga an haɗa ni da kai?"

Ta ce botar ta narke don ya tsaya kallon 'yan mata a bakin titi. Ya ce su suka tare shi suna tambaya ko har yanzu yana tare da tsohuwar nan, ya ce musu ya ya iya, ba mai karɓa. Ta ce kujerar da ya ƙera mata bara har yau rawa take kamar mai zazzaɓi. Ya ce kujera lafiyarta ƙalau, mai zaman ce ta karkace. Suka yi ta yi, tana fito da kaya ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a gefen ƙafarta ta dama, inda hannunta ya saba samunsu. Shi kuwa idonsa na kan ƙafar hagu, inda aka naɗe da bandeji, har wani ɗan ruwa ya ɓullo ta gefe.

Ledar ta ƙare. Ta zazzage ta, ta sake laluben ƙasa.

"Ina gawayin?"

"Ya ƙare."

"A kasuwar duka?"

"A duniya. Itatuwa sun yi taro, sun ce sun daina ƙonewa saboda tsohuwa marar haƙori."

"Haƙoran da suka rage mini sun fi gashin da ya rage maka yawa."

"Mai gawayin ma ya tuba, ya koma sayar da ƙanƙara."

"Ƙaryarka ta fi aikinka kyau, maigida. Da ita kake ƙerawa da ka yi arziki."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Nan ne ya kamata ya faɗa. Ya shirya maganar tun a shago, ya maimaita ta a kan babur, har ya samo yadda zai naɗe ta cikin wasa. Da ya buɗe baki sai ya ji kunya ta kama shi, irin kunyar wanda ya zo raba mutum da abin da ya fi so.

Kaka ta ce ba komai, in ta gama kwaɓi za ta aika a samo mata ko na cikin cokali ne. Ta jawo babban kwano, ta zuba bota da sukari, ta kama muciya. Hannun nan da ke rawa in za ta ɗauki kofin shayi, da ya riƙe muciya sai ya tsaya cak. Ta yi ta bugu har haɗin ya yi fari ya yi laushi, ta ɗan dangwala ta murza tsakanin yatsu ta ji ko sukarin ya narke. Kafinta ya zuba mata ido. Ɗakin duk ƙamshinta ne, labulen ma ya riƙe ƙamshin bota. Ga gwangwanayen can a kan kanta, an kife su a jere, sun yi baƙi saboda shekaru. A ɗakin nan ya koyi lashe kwano, a nan ya ɓuya ranar da ya fasa gilashin motar ubansa, da kek a kowane hannu.

Ta fasa ƙwai na farko a bakin kwano, ya faɗa ciki. Na biyu ma haka. Garin gyara zama ƙafarta mai ciwo ta ɗan ture kwanon gefe, ba ta lura ba. Ta fasa na uku a gefen kujera, ta buɗe shi inda take zaton kwanon yake. Ƙwan ya faɗa kan siminti, 'yar ƙarar da ya yi ba ta kai ta kawo ba, amma duk su biyun sun ji.

Hannunta ya tsaya a sama da ɓawon.

"Ƙasa ya tafi, ko?"

"Ƙwan ne ya ga mugun hannu ya gudu."

Ba ta yi dariya ba. Wannan ne karo na farko a rayuwarsa da ya jefa mata magana ba ta rama ba, kuma abin ya yi masa ciwo fiye da duk zagin da ta taɓa yi masa. Ya tashi ya ɗauko tsumma ya goge wurin. Ita kuwa ta ajiye ɓawon a hankali, ta naɗe hannuwa a cinya.

Ta ce ubansa ne ya aiko shi, ba tambaya take ba. Ta ce tun shekaranjiya ta gane, da gwaggonsa ƙarama ta zo ta yi ta share ɗakin da ba datti, tana yabon murhun kamar mai shirin saye. Ta ce ita ta haife su, ta san tafiyar kowannensu in yana ɓoye abu. Kafinta ya ce haka ne. Ya faɗa mata komai ba tare da kwana-kwana ba: zanen, ƙafar, da yadda ubansa ya zauna a mota a ƙofar asibiti ya kasa tuƙi. Ya ce tsoro suke ji, shi ma tsoron yake ji.

"Ni ma na ji tsoro," in ji ta. "Kana zaton ban ji ba? Amma ba wutar ce ta fi ba ni tsoro ba."

Ta juyo da fuskarta wajensa.

"Ku duka kuna da aiki, kuna da gidaje. Ban ce ba ku sona ba. Amma faɗa mini gaskiya, maigida, yaushe rabon da ka shigo ɗakin nan ba don an ce maka na yi kek ba, ko na aike ka sayen kayansa?"

Ya so ya ce ranar da ta ƙone, sai ya ga wannan ya fi shirun muni.

Ta ce ba shi kaɗai ba ne, kada ya ɗaure fuska. Ƙamshin ne ke kiran mutane. Yaran maƙwabta, matan layi, jikoki, har ubansa da girmansa, in ya ji an ce tukunya na kan wuta sai ya tuna yana da uwa a hanyar ofis. Ta ce ba ta jin haushi, haka rayuwa take, kowa da abin da ke jan ƙafarsa. Amma ranar da aka ɗauke murhun nan, ɗakin zai koma ɗakin tsohuwa mai ciwon ido, wanda ake leƙowa a ce ya jiki a wuce. Wannan take tsoro, ta ce, ta zauna tana jin takun mutane a waje ba wanda ya karyo kwana.

Kafinta ya ji idonsa ya cika. Ya gode wa Allah da ba ta gani sosai, sannan ya ji kunyar wannan godiyar.

Can sai Kaka ta ja numfashi, ta laluba ta jawo kwanon gabanta.

"Je ka kwanto gawayin daga bayan babur."

"Wane gawayi?"

"Wanda ka saya ka ɓoye. Ubanka ya ce kada ka sayo, zuciyarka ta ce sayo, sai ka yi wa kowa rabi. Haka kake tun kana yaro."

Gaskiyarta ce, yana can ɗaure cikin ɗan buhu. Ya fita ya shigo da shi yana sosa ƙeya.

Ta ce ta haƙura da wuta, daga yau hannunta ba zai ƙara taɓa garwashi ba, ya je ya faɗa wa ubansa ya samu barci. Murhun ma ya tafi da shi shagonsa, kada shaiɗan ya raya mata wani abu. Amma kwaɓi nata ne har ranar da za a ɗauke ta, kuma kwaɓi ba ya gasa kansa. Duk ranar da ta kwaɓa, wanda ya ɗauke murhu shi zai dawo da shi ya hura.

"Wato na zama ɗan aikinki."

"Da can mene ne kai? Miji ne da ba ya kawo komai sai ƙwan ƙadangare."

Ya fitar da murhun tsakar gida, ya kafa mata kujera a bakin ƙofa, nesa da wuta. Daga nan take ba da umarni. Ya baje yashin, kada ya tara shi gefe ɗaya. Ya sa tafin hannu a saman tukunya ya ji zafi kafin ya jera gwangwani. Kada ya cika su, rabi da ɗan kaɗan. Ya rage wutar ƙasa, ta sama ta fi yawa. Ya ce ya ji, amma mutumin da ya saba da zarto da guduma gani yake komai da ƙarfi ake yi, ya yi ta fifita har garwashin ƙasa ya yi jajir. Hayaƙi ya shige masa ido, ya ƙona ɗan yatsa a murfi, ta ce Allah ya ƙara. Ba a jima ba ta ɗaga hanci ta ce ya sauke, ya riga ya yi ɓarna.

Da aka juye, na tsakiya sun yi kyau, na gefe kuwa gindinsu ya yi baƙi ƙirin. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ta ware masu kyau a faranti ta ce na maƙwabciya ne, ya miƙa mata kafin ya tafi. Sannan ta zaɓo wanda ya fi kowanne ƙonewa ta miƙo masa.

"Ungo ladanka. Ko akuya aka ba wannan sai ta kai ƙara."

Ya karɓa ya jujjuya shi. Ya ce ya sallama, ta ci wannan karon. Ya ce wannan aiki da wuya yake, yadda ya ga hannunsa, zai daɗe bai iya ba.

Kaka ta yi dariya, ta gaske, har ta kai gefen mayafi ta share ido.

"Allah ya sa ka daɗe ba ka iya ba, maigida."

Ya ce amin, a hankali. Ya gutsiri kek ɗin ta wajen ƙonon ya ci.