Baƙin Ruwa a Kwandon Hajiya

Allah ya yafe mini, ni na ce wa abokan zamana a unguwar Madinat Nasr ta Alƙahira kada a kira mai gyara. Sanyi ya shigo, ƙarafan ɗumama ɗaki sun ƙi zafi, laka ta toshe bututunsu. Na taɓa riƙe wa mai aikin famfo jaka a Zariya, don haka na aro injin da ke tura ruwa da ƙarfi ya wanko lakar.

"Ta ina dattin zai fita?" in ji Sanusi, abokin ɗakina.

"Kai dai karanta Nahawunka, Malam."

Na zura tiyo ta baranda, na kunna. Ruwa baƙi ƙirin ya yi ta ambaliya, ni kuwa har da rawa: "Tamam, ya yi daidai! Ku zo ku ga aiki!"

Na manta Hajiya Ummu Samir, mai gidan da muke haya, a ƙasanmu take, kuma kowace safiya takan zura kwando da igiya daga barandarta, mai burodi ya saka mata. Ta jawo kwandonta, burodin na ɗigar baƙin ruwa. Ihun da ta kurma sai da mai gadi ya ɓarar da shayinsa. Sanusi ya fara ɗaure littattafansa, ya ce yau a titi za mu kwana. Na sauka ina jera "ma'alish", wato a yi haƙuri, kamar mai jan carbi.

Ba ta kore mu ba. Amma har yau, kafin ta zura kwando sai ta ɗaga kai ta ƙwala mini kira: "Babban injiniya! An ba ni izinin cin burodi?" Mai burodi kuma ya kifa tiren burodinsa a kansa kamar laima.